Kai Ba Shi Da Safaya

 Maganarmu ta wannan mako a kan hular kwano take, kuma za mu faro ta ne daga wasu abubuwa biyu da suka auku rana ɗaya, watau ran 1 ga watan Janairu na 2009, ɗaya a can Turai, ɗaya kuwa a nan gida Nijeriya.

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka ta lulluɓe duwatsu lokacin hunturu, akwai wani wasa da ake yi na zamiya. Mutum ya kan ɗaura wasu dogayen katakai biyu sirara a ƙafafunsa, ko kuwa ya tsaya bisa allo guda mai faɗi, ya hau can ƙolin dutse, sa'an nan ya sulalo zuwa gindinsa. Gwanayen wasan su kan wuce gudun kilomita 100 a awa, masu yi don nishaɗi kuwa gudunsu bai bambanta da na babur a cikin gari ba. To, a wannan rana da muka ambata, a wani dutse na ƙasar Ostiriya, Firimiyan Jihar Turingiya ta Jamus, Dieter Althaus, ya yi karo da wata mata suna cikin wannan zamiya. Shi yana sanye da hular kwano, ita ba ta da ita. Ya ji mummunan rauni a ka amma ya rayu, ita kuwa baiwar Allah ta rasu kafin a kai ta asibiti. Labarin ya girgiza Jamus da Ostiriya ƙwarai da gaske, mutane suka yi ta tururuwa zuwa kantuna sayen hula, wasu jihohin Ostiriya kuma suka kafa doka cewa lalle yara su sa ta in za su yi wasan.

A wannan rana dai, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa masu babura da fasinjojinsu sa hular kwano a duk faɗin ƙasar nan. Osita Chidoka ne shugabanta a lokacin. Duk wanda ya yi wayo a shekarar zai tuna abin da ya biyo baya. Kuɗin hula ya yi tashin gwauron zabo, 'yan acaɓa suka yi ta gunaguni, har a Kano da wasu garuruwa aka riƙa ganin masu kifa ƙwarya a ka, da masu robar fenti, da masu ɗaura guntun taya da igiya, don dai su wuce shingen ma'aikata. Gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauki labarin, duniya ta yi mana dariya, mu ma muka taya ta. Bayan 'yan watanni ƙura ta lafa, kowa ya rataye hularsa a ƙusa.

Yanzu sai mu duba inda kowane ɓangare ya kwana. A Amurka, ƙungiyar masu filayen wasan zamiya ta ƙididdige cewa a hunturun 2002 zuwa 2003 mutum 25 ne kacal cikin 100 ke sa hula, amma kafin shekara ashirin ta cika adadin ya kai wajen 90 cikin 100, alhali kuwa babu wata dokar ƙasa da ta tilasta wa manya. Italiya ta wajabta ta ga yara 'yan ƙasa da shekara 14 tun 2005, ta ɗaga zuwa 'yan ƙasa da 18 a 2022. Abin da a da ake yi wa kallon kayan matsorata ya zama al'ada, har wanda ya fito da kai tsirara shi ne abin kallo. Mu kuwa da muka fara da doka da bulala, ina muka tsaya? Mai son amsa ba sai ya yi nisa ba, ya zo Bwari ya tsaya bakin kasuwa na rabin awa ya ƙirga da idonsa.

Dalilin da ya sa muka zaɓi Bwari shi ne, tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a watan Oktoba na 2006, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke Ministan Birnin Tarayya, sana'ar ta tattara ta koma garuruwan gefe, kuma Ƙaramar Hukumar Bwari ta sami kaso mai tsoka. Daga Kubwa zuwa Byazhin, daga Dutsen Alhaji zuwa Ushafa, daga cikin garin Bwari zuwa Kuduru da Igu da Shere da Kawu, babur shi ne jakin talaka. Shi ke kai mai ciki asibiti, shi ke fito da doya daga gona, shi ke kai yara makaranta uku-uku da huɗu-huɗu. Ga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya da ta dawo nan daga Legas a 1997, ga hedkwatar hukumar JAMB, ga Jami'ar Veritas, kowacce da ɗalibanta da ma'aikatanta da baƙinta masu hawan babur safe da yamma. Ƙasar kuma ta duwatsu ce, hawa da gangara da kwana, hanyoyin ƙauyuka da damina zaizaya, da rani ƙura da tsakuwa. Mai gangarowa daga Bwari zuwa madatsar ruwa ta Usuma a kan babur, da mai sulalowa daga dutsen Turai a kan katako, haɗarinsu iri ɗaya ne: gudu a gangara, babu ƙarfe ko gilashi da ya kewaye jiki, kuma in an faɗi kai ne ke fara gaisawa da ƙasa. Bambancin kurum, shi Bature nishaɗi ya kai shi kuma ƙanƙara ce a ƙarƙashinsa, namu kuwa neman abinci ne, kuma kwalta ce da dutse ke jiransa.

Ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa cikin kai sa'ad da ya bugi ƙasa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan mutum na tafe da gudu kansa ya daki abu mai tauri, ƙoƙon ya kan tsaya cak, amma ƙwaƙwalwar ta ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi daga ciki, ta koma ta bugi ɗaya gefen. Nan ne take ƙujewa, jijiyoyin jini su tsinke. Masana lissafi sun nuna cewa wanda ya yi karo yana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 10, watau kamar daga saman bene mai hawa uku. Wane mai hankali ne zai yarda ya diro daga irin wannan bene da ka, da hular zanna kaɗai a kansa?

Aikin hular kwano ta gaske kashi huɗu ne. Akwai ɓawon waje mai tauri, wanda ke baza ƙarfin bugu ya kuma hana tsini huda kai. Ƙarƙashinsa akwai wani farin soso mai kauri, shi ne ran hular, domin shi ke murƙushewa ya shanye bugun a madadin ƙoƙon kai. Sai laushin ciki mai sa ta zauna daidai, sai kuma maɗaurin haɓa da ke hana ta tashi. Matan Ushafa masu ginin tukwane, waɗanda har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000, sun san wannan hikima tun kaka da kakanni, domin babu wadda za ta ɗora tukunyarta a mota ba ta yi mata shimfiɗar ciyawa ko tsumma ba. Tukunyar yumɓu ke nan, wadda in ta fashe gobe a gina wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa sa hula yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, yana kuma rage raunin kai da kashi 69 cikin 100.

Daga nan za a gane cewa ba kowace hula ce hula ba. Hular leburorin gini, wadda aka yi don tare bulo ko ƙusa mai faɗowa daga sama, ba ta da wannan soso, ba ta kuma rufe ƙeya da gefen kunne. Hular da ba a ɗaure maɗaurinta ba ta kan riga mai ita isa ƙasa. Wadda ta yi wa kai yawa tana rawa, amfaninta kaɗan ne. Wadda kuma aka taɓa faɗuwa da ita da ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, domin soson in ya murƙushe ba ya komawa. Araha ba ta ado, a nan kuwa araha na iya cin rai.

Akwai wani darasi kuma daga filin zamiya wanda ya shafe mu kai tsaye. Ran 16 ga Maris, 2009, wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi tana koyon zamiya a wani dutse na lardin Kwibek a Kanada. Gangaren na 'yan koyo ne, faɗuwar ba ta yi kama da mai tsanani ba, kuma ba ta sanye da hula. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ta sallami masu ba da agaji. Can an jima ciwon kai ya taso, bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45. Abin da ya faru shi ne jijiya ta tsinke tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ta rufe ƙwaƙwalwa, jini ya yi ta taruwa sannu a hankali har ya danne ta. Sau nawa a unguwanninmu yaro ke faɗuwa a babur, ya tashi ya kakkaɓe riga, a ce Allah Ya kiyaye, ya je gida ya kwanta, da asuba a tashe shi sallah a tarar rai ya yi halinsa? Sai a ce iska ce ko jifa. Saboda haka duk wanda ya bugu a ka, in ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙo ko shafa man zafi. Masu ɗaukarsa kuma su kula da wuyansa, kada a lanƙwasa shi, kada a fizge hular daga kansa. A tuna likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, kuma a manyan asibitoci suke, irin su Asibitin Ƙasa da ke cikin Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Daga Kawu ko Igu zuwa can tafiya ce, jinin da ke taruwa a ka kuwa ba ya jiran kowa.

Gaskiya dai ita ce hula ba laya ba ce. Ran 29 ga Disamba, 2013, Michael Schumacher, Bajamushen nan da ya ci gasar tseren motoci ta duniya har sau bakwai, ya faɗi yana zamiya a Meribel ta ƙasar Faransa, kansa ya bugi dutse har hularsa ta tsage. Likitocin Girenobul da suka yi masa aiki sun ce ba don hular ba da bai iso wurinsu da rai ba, amma duk da haka raunin ya yi tsananin da tun daga ranar bai koma harkokinsa a bainar jama'a ba. Watau hula na rage ɓarna, amma ba ta ba kowa lasin ɗin ganganci. Gudun wuce sa'a, da lodin mutum huɗu, da shan ƙwaya, da tsere tsakanin manyan motoci, babu hular da za ta yi maganinsu.

To, mene ne ke hana mutanenmu sa ta? Mun sha jin hujjoji, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na farko zafi da talauci. Ƙasar Biyetnam ta fi mu yawan babura, zafi da gumi kuma ba mu fi ta ba. Gwamnatinta ta yi watanni tana wayar da kan jama'a, aka wadata kasuwa da huluna marasa nauyi masu ƙofofin shan iska, sa'an nan ran 15 ga Disamba, 2007, dokar ta fara aiki, masu sa hula suka tashi daga ƙasa da rabi zuwa fiye da 90 cikin 100. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, kowane ɗan acaɓa da huluna biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, da riga mai lamba, kuma fasinja ba ya ganin an ci masa mutunci don an miƙa masa ita. Su ma Afirka suke, su ma ba masu kuɗi ba ne. Ga wanda ya ce hula ta yi tsada, ya tambayi kuɗin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sau ɗaya a asibiti, kafin a zo maganar tiyata da jinya da iyalin da za a bari babu mai ciyar da su.

Na biyu ƙyama. Fasinja ya ce ba zai sa hular da kowa ke sawa ba, saboda ƙwarƙwata da makero da gumin wani. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, amma maganinta mai sauƙi ne: hankici mai tsabta ko 'yar hular saƙa a ƙarƙashi, mata kuwa ɗankwali ko hijabi ya wadatar. Ma'aikaci ko ɗalibin da ke hawan babur kullum ya sayi tasa ta kansa, kamar yadda yake da laimarsa. Na uku camfi. A 2009 an baza jita-jita cewa matsafa na sa asiri a cikin hula, wai da ka kifa sai hankalinka ya gushe a tafi da kai. Shekaru sun shuɗe ba a kawo mana mutum guda da hula ta ɓatar ba, amma waɗanda rashinta ya kai kushewa kowace unguwa ta san nata.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne ƙarfi a zukata, shi ne a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma in kwana ya ƙare hula ba ta hanawa. Haka ne, rai na hannun Allah. Amma malaman tarihi sun ruwaito cewa ranar yaƙin Uhudu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita da sulke biyu a jikinsa da kwalkwali a kansa, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali. Mai wannan hujja da kansa ya kan kulle shagonsa da kwaɗo biyu in zai tafi gida, ya kan kuma ɗaure babur ɗinsa da sarƙa. Ashe babur ya cancanci tsaro, kan mai babur ne bai cancanta ba?

Masu cewa hular kwano baƙuwar al'ada ce ta Turawa, su je kallon hawan Salla a Kano ko Katsina ko Zazzau su dubi 'yan lifidi. Kakanninmu da za su fita yaƙi bisa doki su kan lulluɓe kansu da dokin da lifidi mai cushe da auduga, su sa sulke, su kifa kwalkwali, wanda cikinsa tsumma ne mai kauri, wajensa ƙarfe, samansa gashin jimina. Ɓawo mai tauri a waje, abu mai laushi a ciki, ai hikimar hular kwano ke nan tun kafin a ƙera babur. Su ne barade na gaba-gaba, kuma ba a taɓa kiransu matsorata ba. A Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa, 'ya'yan sarakuna da manyan hafsoshi ba sa shiga fili sai da hula mai tauri ɗaure a haɓa. In basarake bai ji kunyar kāre kansa ba, ɗan acaɓa kunyar wa yake ji? Wannan tambaya har da samarin da ke sukuwa a kan kwalta ranar hawan angwanci.

Abin da ya faru a 2009 ya koya mana cewa doka ita kaɗai, in ta faɗo daga sama babu shiri, ƙwarya take haifarwa. Wanda ya sa hula don tsoron ma'aikaci zai cire ta da ya wuce shinge. A filayen zamiya abin ya kafu ne domin an fara da yara, masu koyarwa suka sa, masu ba da hayar kaya suka riƙa haɗawa da ita, gwanayen da ake kwaikwayo suka fito da ita, har iyaye suka ji kunyar sa wa 'ya'yansu su bar nasu kan. Irin wannan hanya ce za ta yi aiki a Bwari, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙungiyoyin 'yan acaɓa su ne kan gaba, domin su ke da iko a tasha. Ƙungiyar da ke iya karɓar kuɗin tikiti kowace safiya ba tare da kuskure ba, tana iya cewa babu mai shiga layi sai da huluna biyu, ta kuma sayo su da yawa a farashin sari ta ba 'ya'yanta su biya kaɗan-kaɗan kamar adashi. Masu ba da babur haya ko biyan sannu su haɗa da hula cikin yarjejeniya. A ƙasar Kenya, dokar 2015 ta wajabta wa dillali ya haɗa wa mai sayen babur huluna biyu, kuma babu abin da zai hana a yi haka a nan. 'Yan siyasar da ke raba babura da sunan tallafi, wanda ya ba saurayi babur babu hula, kyautarsa ragaggiya ce. Makarantar Lauyoyi da JAMB da jami'a da sakatariyar Ƙaramar Hukuma suna da ƙofofi da masu gadi, suna iya cewa babur ba ya ajiye fasinja ko ɗauka a bakin ƙofarsu sai da hula, kuma ya dace masu koyon shari'a su zama na farko wajen bin doka. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta sa ido a kan hulunan bogi da ke shigowa kasuwa, domin hular ƙarya ta fi rashin hula haɗari, tun da tana ba mai ita ƙarfin zuciyar da ba shi da tushe. Sarakunan yankin da hakimai da masu unguwanni, da limamai ran Juma'a da fastoci ran Lahadi, su yi maganar da Hausa da Gbagyi yadda kowa zai ji. Sa'an nan ma'aikatan hanya su zo daga ƙarshe, da hukunci na gaskiya ga kowa, babba da yaro, ban da karɓar na goro.

Kafin duk waɗannan su motsa, akwai abin da ke hannunka, ya kai mai karatu. In kana da babur, sayi hula mai kyau daidai kanka, ka ɗaure ta ko da nan da bakin kasuwa za ka, domin haɗari ba ya tambayar nisan tafiya. In ɗanka na zuwa makaranta a babur, nemo masa ƙarama daidai kansa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mijinki ɗan acaɓa ne, miƙa masa ita da safe tare da makulli. Taya in ta fashe akwai safaya, ƙafa in ta karye akwai maɗori, haƙori ma ana sa na roba, amma har yau ba a buɗe shagon da ake sayar da kai ba.

Allah Ya tsare mu da tsarewarSa, Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.